Baffan Yumɓu

Ko zan tsufa har in riƙa kai loma kunne a maimakon baki, ba zan manta daminar da ƙauyenmu ya samu Baffa biyu ba. Ɗaya na nama ne, yana cin tuwo yana zagin mutane. Ɗayan kakana ne ya gina shi da yumɓu.

Kakan nawa, mahaifin babanmu, Allah Ya jiƙansa, mai zanen motoci ne a Dawanau lokacin ƙuruciyarsa. Manyan motocin nan masu bodin katako da ke lodin hatsi, shi yake zana musu zaki da ɗawisu da jirgin sama a baya. Yakan ce akwai zakin da ya taɓa zanawa wanda sai direban ya lulluɓe shi da tamfol kafin ya ratsa kasuwar awaki, in ba haka ba kasuwa ta watse. Ni dai ban gani ba, amma tunda a wurinsa na gaji ƙarin gishiri, ba zan ƙaryata shi ba. Da aka fara buga hotuna da inji ana mannawa a jikin mota, sai aka daina nemansa. Ya tattaro gwangwanayen fentinsa da gwiwarsa mai ciwo ya dawo ƙauyenmu can wajen Tsanyawa, inda gonar wannan take manne da ta wancan.

Da ya dawo bai zauna a inuwa yana ƙirga masu wucewa kamar sauran tsofaffi ba. Ya zane bangon ɗakinsa tas da gonaki, gero ya yi tsayi har rufi. Ya shiga gina shanun huɗa da jakuna da mata masu daka, yana gasa su a rami da kara da kashin shanu. Mutanen garinmu, waɗanda ko layi madaidaici ba sa iya ja sai da igiya, suka yanke hukunci cewa tsohon ya taɓu. In ya wuce sai a ƙifta ido a ce ga mai wasan ƙasa nan.

Wanda ya fi kowa jin kunyarsa shi ne ɗansa na fari, yayan babanmu, wato Baffa. Sana'arsa sayen hatsi lokacin girbi, ya kulle, sai ya yi tsada ya fitar. Kullum fuskarsa kamar yanzu aka kawo masa labarin gobara. In ya yi gyaran murya a ƙofar gida, kajin maƙwabta ma akurki suke shiga. Ya hana 'ya'yansa leƙa ɗakin Kaka. Abin da na san ya taɓa ba mahaifinsa shi ne wata babbar riga shuɗiya da hula, su ma sai da ya sa su har gari ya haddace su a jikinsa.

Shekarun wuya ne. Babanmu ya rasu ya bar Inna da ni da ƙannena biyu da gona ɗaya a bakin hanya. Ni ce babba, ban wuce sha uku ba. Kwanon gero ya yi tsadar da in za ka tambayi kuɗinsa gara ka fara neman wurin zama. Daminar baya ba mu samu abin kirki ba, mun ci tafasa da rama har na fara jin ina son yin kukan akuya. A wannan shekarar kuwa geronmu ya yi kyau, zangarniya kamar damtsen ɗan dambe. Shi ne abincinmu na shekara, babu wani a bayansa. Sai aka shigo da sabuwar masifa: mutane su bi gonakin bakin hanya da wuƙa da buhu suna yanke zangarniya tun ba ta bushe ba. Ba ɓarayin sana'a ba ne, yunwa ce, amma wanda aka yanke wa shi ma ai ciki gare shi.

Inna ta aike ni wurin Baffa, ko zai ba mu aron ɗaya daga cikin yaran da ke masa aiki ya riƙa zaga mana gonar. Ko kallona bai yi ba. Ya ce ba shi da yaron da ke zaman banza, tsohon da ke da lokacin wasa da taɓo shi ya je ya zauna. Na dawo na isar wa Kaka saƙon, har da ƙari kaɗan don ya yi armashi. Ni da shi dama wasan jika da kaka muke, ya kira ni amarya in kira shi tsoho mai ran ƙarfe. Ya yi dariya har da tari.

"To amarya," ya ce, "tunda shi ba zai je ba, mu sai mu kai shi."

Ya rufe ƙofa ya hana kowa shiga, sai dai in kai masa yumɓu da kara da busasshiyar ciyawa in ajiye a bakin ƙofa. Wata safiya na kai masa kunu, na tura ƙofar, sai ga Baffa zaune a lungu ya tanƙwashe ƙafa, shuɗiyar riga, hula a karkace, sanda a kan cinya, yana hararata. Na zube ƙasa ina cewa ina kwana, kunu ya bi zanina. Sai da na ji Kaka yana shaƙewa da dariya a bayan ƙofa sannan na gane. Jikin kara ne da ciyawa a cikin riga, kai da hannaye kuwa yumɓu ne gasasshe da fentin mota. Har tabon da ke saman girar Baffa ta hagu yana nan. Har wannan ɗage hancin, kamar duniya ce take masa wari.

Inna ta ce ita babu ruwanta, ta dai ba mu aron baro. Da sassafe na lulluɓe shi da buhu na tura shi gona, na zaunar da shi a kan suri a gindin ɗorawa, inda duk mai wucewa zai hango shi amma ba zai so ya matso ba. Kullum sai na juya shi, yau ya kalli gabas, gobe ya kalli hanya. Na kuma samo wani fasasshen tulu na ɓoye a bayan surin. In na ga wanda ban yarda da take-takensa ba, sai in sa baki a ciki in yi gyaran murya. Tulun yakan mai da muryata ta ƙaton da ya ƙoshi.

Daga ranar ko zangarniya ɗaya ba a sake taɓa mana ba. Masu wucewa su rage tsawo su ce, "Barka da hutawa, Alhaji." Shiru. Babu wanda ya yi mamaki, don na naman ma ba amsawa yake ba. A bakin rijiya mata suka fara cewa ashe Alhaji yana da zumunci, dubi yadda yake wuni yana kwana a gonar marayu. Baffa bai taɓa samun suna mai kyau irin wannan ba, kuma bai ɗaga ko yatsa ba.

Wata rana wani dattijo daga unguwar gabas ya tuɓe takalmi daga nesa, ya durƙusa, ya jera bayani: iyali sun kwana biyu ba a ɗora tukunya ba, ko Alhaji zai taimaka da kwano ɗaya zuwa girbi. Ina bayan suri na cusa gefen zani a baki. Ya jira, ya jira. Can ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa ya ce, "To na gode, Alhaji. Yau dai ko banza ba ka zage ni ba." Da na ba Kaka labari ban ga ya yi dariya ba. Ya ce Inna ta ɗebi ɗan abin da ke ƙasan tukunya a kai gidan mutumin.

Ranar kasuwar Tsanyawa asiri ya fara tonuwa. Wani ya gaida Baffa a gonarmu, ya hau bas, ya sauka a kasuwa, ya tarar da Baffa ya riga shi zuwa har ya yi nisa da faɗa da wani mai wake. Kafin magariba gari ya ɗauka cewa Alhaji waliyyi ne, ana ganinsa wuri biyu. Ku ji ikon Allah, Baffa bai musa ba. Ya riƙa sunkuyar da kai yana lumshe ido in an zo neman addu'a. Sai da wata tsohuwa ta ce ita a saninta mayu ma suna rabuwa biyu, sannan ya ɗauki sanda ya nufo gona.

Ina bayan suri na hango shi. Ya tsaya daga nesa ya yi wa kansa sallama. Shiru. Ya sake yi. Wa zai samu dama irin wannan ya bari ta wuce? Na sa baki a tulu na yi gyaran muryar da ta fi kowacce. Baffa ya yi tsallen da ban taɓa zaton mai tumbi zai iya ba, takalmi ɗaya ya yi gabas. Da ya sauko ne ya hango ƙafafuna.

Na durƙusa na roƙe shi. Na ce ya dake ni in ya so, amma ya yi shiru da maganar zuwa girbi, saura kaɗan gero ya bushe, ranar da muka ɗaure dami na ƙarshe ni da kaina zan kawo masa ya farfasa. Ya ce wato ya zauna ana durƙusa wa taɓo da sunansa. Ya kira yaransa, waɗannan da ya ce ba su da lokaci, suka ciccibi mutum-mutumin suka ratsa tsakiyar gari da shi har ƙofar mai unguwa.

Gari ya taru. Abin da ya fi ba ni haushi har yau, waɗanda suka fi kowa durƙusa masa su suka fi kowa ɗaga murya. Wannan ya ce dama shi tun farko ya gane, wancan ya ce gunki aka kawo mana gari. Mutumin da na gani da idona yana tuɓe masa takalmi shi ne yake cewa a ƙone. Kaka ya iso yana dogara sanda.

Aka tambayi Liman. Ya yi magana a hankali, ya ce siffar mutum da cikakkiyar fuska ba ta halatta ba, a cire kan, sauran ya koma gona ya kori tsuntsu. Sannan ya ɗaga ido ya ce amma tsaron abincin marayu yana wuyan baffansu, kuma wannan ya fi wancan nauyi. Kunnen Baffa rabin farko kawai ya kama, na biyun ya bi iska. Jama'a ma kowa ya shiga duban ƙasa, don rabinsu a wurinsa suke auno.

Kaka ya ce ya ji, zai cire kan da hannunsa. Baffa ya ce an mai da shi abin dariya a gari.

"Ba dariya na yi da kai ba," in ji Kaka. "Fuskar da na fi sani ce. Na san ta tun ba ta da gemu. Wannan tabon ma, ni na ɗauko ka daga gindin mangwaron da ka faɗo."

Baffa ya ɗaga sanda ya sauke a tsakiyar goshin mutum-mutumin. Bugu ɗaya ya tarwatse. Wani yanki mai ido ya gangaro gaban Kaka, ya sunkuya da ƙyar ya ɗauka, ya sa a aljihu, ya juya gida.

Na mai da gangar jikin gona a baro, yara suna bina suna waƙa. Amma wa zai ji tsoron abin da aka ratsa gari da shi? Har tsuntsaye a wuyansa suke hutawa. Na riƙa wuni ina buga gwangwani ina zagaye, sai dai yarinya ba ta kwana a gona, gwiwar Kaka kuma ba ta kai shi ko bakin gari. Baffa bai turo kowa ba. Wata safiya na iso na tarar da kara a tsaye, daga bakin hanya har bayan ɗorawa, babu zangarniya. Na zauna a kan surin na yi kukan da ban yi ba ko ranar da aka fita da babanmu. Abin da muka girbe, jaki ɗaya ya kai shi gida bai ko yi nishi ba. Kafin sanyi ya wuce Inna ta sayar da awakinta, ta riƙa aikena auno gero. A wurin wa? A wurin Baffa, yadda yake sayar wa kowa, har yana shafe bakin kwanon da tafin hannu kada ƙwaya ta yi ƙari.

Kaka bai sake taɓa yumɓu ba. Fentinsa ya bushe a gwangwani. Sai ya wuni yana kallon geron da ke bangonsa, in na tsokane shi ya yi murmushi kawai. Da bazara ya kwanta, bai tashi ba.

A zaman makoki wasu tsofaffin direbobi suka zo daga Dawanau, suna ta labarin zanensa, wani ya ce har yau bai ga hannu irin nasa ba. Nan take garinmu ya cika da aminan Kaka. Masu ce masa mai wasan ƙasa suka koma cewa ai baiwa ce Allah Ya yi masa. Baffa yana kan tabarmar gaba yana gyaɗa kai yana share ido, yana cewa ai hikimar Baba ba a magana. Na kawo ruwa na ajiye, ya dube ni a gaban baƙi ya ce in ga irin kakan da Allah Ya ba ni.

"Na gani, Baffa," na ce. "Shi ma ya so ya ji."

Inna ta ja mini kunne a kan wannan maganar har ya kusa tsinkewa, ban kuma janye ta ba. Abin da wannan damina ta koya mini shi ne, yabon da aka ajiye sai mutum ya mutu ba don shi ake yi ba, don baƙi ake yi, saboda haka ni nawa a kunnen mai shi nake zubawa tun yana ji. Kuma duk sanda na ji babban mutum yana kumfar baki wai an taɓa masa mutunci, ba fuskarsa nake kallo ba. Waiwayawa nake in ga tukunyar wa za a kife kafin ya huce.