Bangon da Baba Sumul Bai Goge Ba

Shekara talatin da huɗu Baba Sumul yana yi wa gidajen mutane fenti, kuma ba a banza aka laƙaba masa sunan ba. In ya gama bango, shafa tafin hannunka daga ƙasa har inda tsayinka ya kai, ko ƙwayar yashi ba za ka ji ba. Dokarsa guda ce, ya maimaita ta har matarsa ta haddace: ba a shafa fenti a kan datti. Sai an wanke, an kankare, an cike tsaga, an bi da samfefa, sannan a buɗe gwangwani. Mutum ne mai gaskiya da taurin kai, kuma duk wanda ya zauna da irinsu ya san halayen nan biyu ɗaki ɗaya suke kwana.

Ranar da tsani ya zame da shi ya karye a cinya, likita ya ce wata uku ba hawa ba sauka. Kwana goma kacal ya yi a kwance ya gallabi gidan. Ya zuba wa silin ido har ya gano inda buroshinsa ya kauce shekara shida da suka wuce, ya hana kowa sakat a kai. Matarsa ta gaji, ta ce da Auta, 'yarsu ta ƙarshe mai aikin ba da magani a asibiti, ta nemo wa ubanta abin yi tun bai fara shafa wa tukwanenta fenti ba.

Auta ta jingina wayarta da kofi a kan tebur kusa da gadonsa. Ta ce akwai wani babban gidan adana zane-zane da ke yin lacca kai tsaye ta intanet duk Asabar da yamma, kowa yana iya shiga. Ta ce ai sana'arsu ɗaya, su ma masu fenti ne. Ya harare ta, amma tun da ba shi da ƙafar gudu, ya kalla.

A laccar farko ko kallon zanen bai yi ba. Bangon da aka rataye shi ya tsura wa ido, ya ce wanda ya yi wannan aiki ya san abin da yake yi, sai dai ya yi gaggawa a kusurwa. Auta ta yi dariya har da riƙe ciki. Amma a mako na biyu wata mata mai gilashi, wadda aikinta gyaran tsofaffin zane, ta yi bayanin yadda masu zanen da suke shirya ƙyalle kafin su ɗiga masa kala: su shafa fari, su jira ya bushe, su goge, su sake shafawa. Baba Sumul ya yunƙura ya zauna, ya manta da cinya. Ashe su ma sai sun share fage. Daga ranar ya zama ɗan gida. Ya ji labarin wanda ke niƙa kalarsa da hannunsa, da wadda ta ci gaba da zane bayan idonta ya yi rauni. Ya sa Auta ta rubuta masa tambaya, kwana nawa suke barin shafen farko ya bushe. Matar nan mai gilashi ta karanta a gaban kowa, ta ce tambayar mai sana'a ce. Mako guda ba a huta da labarin ba a gidan, matarsa ta koma kiransa farfesa.

A Asabar ta biyar matar ta nuna wani zanen dattijo da aka ɗauka da na'urar hoton ƙashi, irin wadda aka duba cinyarsa da ita. A ƙarƙashin dattijon akwai fuskar wata yarinya da aka rufe da fenti shekaru aru-aru. Ta nuna yadda take aiki da tsinke da auduga, wuri kamar farcen babban yatsa a yini guda. Ta ce abin da aka rufe yana nan yana jira, wanda aka kankare ne ya tafi.

Auta tana zaune a bakin gado tana cire takalmi, ta ce cikin wasa, “To ni nawa ya tafi ke nan, don kankarewa aka yi.”

Bai gane ba, sai da matarsa ta tuna masa. Lokacin Auta tana da shekara shida ko bakwai, ba bangon da ta bari a ɗakin nan. Da fensirin kala mai maiƙo take zane, shi kuwa fenti ba ya kama maiƙo. Bai taɓa dukanta ba, bai taɓa yi mata tsawa ba. Samfefa kawai yake ɗaukowa ya goge tana tsaye tana kallo, ya shafa sabon fenti, ya wanke hannu. A karo na huɗu ta daina, kuma daga nan ba a sake ganin ta zana ko da'ira ba.

Baba Sumul ya bi bangon ɗakin da kallo. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ya nemi zane ɗaya a ƙwaƙwalwarsa ya rasa. Bai taɓa dubawa ba, datti kawai ya gani. Ya yi mako biyar yana jinjina wa mutanen da suka mutu tun kafin a haifi kakansa, alhali mai zanen da Allah ya ba shi a gida shi da kansa ya goge ta. Kunya ta kama shi, irin wadda ba a gaya wa mata.

Sai ya tuna da ha'incinsa guda ɗaya tak. Wata shekara yana cikin fentin ɗakin aka aiko kiransa aiki, ya yi gaggawa, ya shafa fenti a ƙasan bangon da kabad zai tare ba tare da ya goge ba. Shekara ashirin abin yana damunsa duk lokacin da ya kalli kabad ɗin.

Da ya fara takawa da sanda, ya roƙi maƙwabta biyu suka janye kabad. Ya zauna a ƙasa, ƙafa a miƙe, da auduga da reza da kwalbar tina, ruwan narkar da fenti. Ranar farko ya yi ɓarna: tina ta ratsa ta narkar da wani jan layi na zanen da ke ƙasa, ya koma dabbare. Ya rufe kwalbar ya ture ta, ya koma reza kaɗai. Shuɗin fenti ya fita, ruwan madara ya fita, sannan tsohon kore. Mutumin da ke gama ɗaki a yini ya koma cin faɗin tafin hannu. Maiƙon nan da ya tsana shi ya taimake shi, don fentin bai taɓa kamawa da kyau ba, ɓarewa yake yi kamar ɓawon ƙwai. Matarsa ta daina tsokana, sai ta ajiye masa shayi ta fita.

A kwana na tara Auta ta dawo daga aiki ta same shi zaune gaban bango. A jikin bangon, zanen wani mutum ne a kan tsani, hannayensa sun fi tsanin tsawo, buroshi a sama. A ƙasa ga wata 'yar mitsitsiyar yarinya ta rungume ƙafar tsanin da hannu biyu.

Ta durƙusa, jakarta tana kafaɗa, ta ƙura wa zanen ido.

“Ban taɓa dubawa ba, Auta,” in ji shi. “Ki yafe mini.”

Ta kai yatsa kan yarinyar. “Riƙe maka nake yi, Baba, don kada ka faɗi.”

Kabad bai koma wurinsa ba. Matarsa ta yi ta mita cewa ya tare mata hanya, amma ba ta ce a mayar ba. Da ƙafa ta yi ƙwari, Baba Sumul ya wanke bangon da ke fuskantar taga, ya goge, ya shafa fari sau biyu, ya bar shi ya bushe sosai. Ranar Asabar bayan lacca ya zaro fensirin da ke bayan kunnensa ya miƙa wa Auta. Ta ce hannunta ya manta. Ya ce bango ba ya sauri.

Ta tsaya gaban farin bangon, ta ja layin farko, ya karkace. Baba Sumul ya gani sarai. Ya mayar da hannayensa baya, ya riƙe ɗaya da ɗaya.