Hannun Daman Alhaji Isiyaku

Ranakun aiki da yawa sun shige mini, amma ban taɓa mantawa da ranar da patron, wato mai shagonmu, ya aike ni Djougou da na'urar wasan bidiyo a cikin kwalin taliya ba. Wata Talata ce a tsakiyar damina. Ina shekara ta uku a shagonmu na Parakou, an riga an ɗaga ni daga mai goge faifai zuwa mai haɗa na'ura a gidajen mutane. Ku da kuka zo bayanmu ba ku san darajar wannan matsayi ba. Shi ne matsayin da ake ba ka lemo a falo, in wuta ta ɗauke kuma a harare ka kamar kai ka ɗauke ta.

Ga wanda bai san sana'ar ba, akwai wani tsohon jerin wasa da muke kira Mai Fitila, saboda gwarzon cikinsa ɗan guntun mutum ne mai yawo a kogo da fitila a hannu. Kashi bakwai ne. Na ɗaya ya girme ni, hotonsa kamar an jera wake a faranti, kuma ba shi da imani ko na kobo: rai uku ake ba ka, in sun ƙare a mayar da kai bakin ƙofa ka sake daga farko. Na biyar kuwa ɗan gata ne, hoto tas, akwai kibiya mai nuna hanya da muryar wata mata mai yabon ka ko da tafiya kawai ka yi. Labarinsa ma na kakan Mai Fitila ne. Don haka dokar shagonmu ɗaya ce: baƙon wasa daga na biyar ake fara masa. Patron kan ce, "Wanda ka fara wa da na ɗaya, ka yi masa sallama tun a ƙofa, ba zai dawo ba."

Wadda ta sayi na'urar Hajiya Rabi ce, mai shagon atamfa a layinmu, kuma ba don kanta ta saya ba. Mahaifinta, Alhaji Isiyaku, tsohon ɗan kasuwar goro a Djougou, ya yi wata biyar da shanyewar ɓarin jiki. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo har da ƙari, amma hannun dama ya dunƙule ya ƙi buɗewa. Kine, wato ma'aikaciyar da ke motsa masa gaɓoɓi, ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Ya jefa shi rijiya da hannun hagu. Kine ta gaya wa Hajiya gaskiya cewa in yatsun nan ba su fara motsi kafin ƙarshen damina ba, haka za su sandare har abada.

"Nasiru," in ji Hajiya a mota, mun wuce Onklou, "wannan ce dabarata ta ƙarshe. In Baba ya ƙi ta yau, ba zai sake kallonta ba. Na san halinsa."

Na ce ta kwantar da hankali. A lokacin ina ganin ba wanda ya kai ni sanin mutane.

Mun iske Alhaji a falo kan kujerar katako, hannun daman yana ɓoye cikin babbar riga. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa ba tare da ya dube ni ba. Na bi ƙa'ida: na duba wuta, na haɗa waya da tele, wato talabijin, na gwada manet, wato abin riƙewa mai maɓallai. Hagu ke tafiyar da ɗan mutumin, babban yatsan dama ke sa shi tsalle. Na ɗauko na biyar zan sa.

"Tsaya, ɗan Parakou. Su nawa ne?"

"Bakwai, Alhaji."

"Jera su." Na jera a kan tabarma. "Wanne ne babbansu?"

Na nuna na ɗaya.

"To wane rashin tarbiyya ne zai sa ka shiga gida ka tsallake mutum huɗu ka gaida na biyar?"

Nan na jawo wayona na ɗan kasuwa. Na ce ai na biyar labarin kakan gwarzon ne, kenan shi ne babba. Alhaji ya dube ni a karon farko. "Kaka aka haifa bayan jika? Allah ya shirya turawa." Amma ya karɓi manet ɗin. Hajiya ta ɗora masa dunƙulallen hannun a kan maɓallin, ya ɓata rai, bai janye ba.

Da farko abin ya tafi. Ya matsa gaba, matar cikin tele ta ce "Bravo!" Ya buge da bango, ta sake cewa "Bravo!" Aka zo wani ɗan kwalbati da ake tsallakewa. Ya faɗa sau uku. A na huɗu sai rubutu ya fito, wasan da kansa ya ɗauki ɗan mutumin ya ajiye shi a ɗaya gefen.

"Wa ya tsallake?" in ji Alhaji.

"Kai ne, Baba," in ji Hajiya da sauri.

"Ban danna komai ba. Kai, me aka rubuta can?"

Na so in yi ƙarya, amma mutumin da ya yi shekara arba'in yana gane ruɓaɓɓen goro a ƙasan huhu ba a yi masa ƙarya. Na ce, "Ta ce ta ga kana shan wahala, shi ne ta sauƙaƙa maka."

Ya ajiye manet ɗin a ƙasa a hankali. Da ma jifa ya yi da shi, da na fi samun natsuwa.

"Wata biyar," ya ce, "in na yi tari a ce sannu. In na zubar da koko a riga a ce ba komai. Yaran da na yi wa duka da wannan hannun suna yi mini magana kamar jariri. Yanzu har akwati ma ta ji tausayina. Rabi, kwashe kayanki."

Hajiya ta juya fuska bango. Ni kuwa na san dabarar shagonmu ce ta jawo wannan, kuma ba faifai ne zai yi asara ba, hannun mutum ne. Na fita tsakar gida na kira patron, kamar yadda doka ta ce in aiki ya cije. Na ce ina son in sa masa na ɗaya.

"Ka haukace?" in ji patron. "Mai hannu biyu lafiyayye ma kuka yake sa shi. Sa masa na shida, ya fi sauƙi. Kada ka kuskura."

Na ce to. Na koma ciki na sa na ɗaya.

"Alhaji, ga babbansu. Amma in gaya maka, ba ya ganin girman kowa."

Na miƙa masa manet, na bar shi ya ɗora hannun da kansa. Taku goma daga ƙofa akwai rami. Ya faɗa. Ya faɗa. Ya sake faɗawa. Tele ta yi baƙi, aka busa wani ɗan kiɗa mai gangarowa ƙasa, aka mayar da shi bakin ƙofa.

"Dariya yake yi mini?"

"Ita yake yi, Alhaji."

Ya gyara zama. "Sake."

Tun bayan azahar yake faɗawa ramin nan. Da yake babban yatsan ya ƙi, da gaɓar yatsu yake dukan maɓallin kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Ya kira ɗan mutumin malalaci, ya kira shi ɗan asara, ya tambayi wanda ya ba shi fitila alhali ba ya gani. Aka kawo fura ya ce a ajiye. Ya yi la'asar a zaune, yana sallamewa ya ce, "Ina ɗan banzan nan?"

Ana cikin haka limamin unguwa ya yi sallama, ya zo duba mara lafiya kamar yadda ya saba. Ba wanda ya amsa masa da kyau, sai ya tsaya gefen tele yana kallon ikon Allah. A daidai lokacin ne Alhaji ya buga maɓallin a kan kari. Ɗan mutumin ya tashi sama, ya haye ramin, ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Sai ga jemage daga sama ya buge shi, ya koma cikin ramin da baya.

Alhaji ya saki manet ya ɗaga hannu ya watsa wa tele daƙuwa. "Uwaka!"

Na sunkuyar da kai saboda liman. Hajiya ce ta fara gani, ta dafe baki.

"Baba. Hannunka."

Hannun dama ne a sama, yatsu huɗu a buɗe, ƙaramin ne kawai ya rage a lanƙwashe. Alhaji ya tsaya yana kallonsa kamar na wani. Liman ya ce, "Allahu akbar! Alhaji, sake yi mu gani." Alhaji ya cije leɓe ya sake, a hankali, da ƙyar. Liman ya matsa gefe da sauri. "Akwatin za ka yi wa, Alhaji, ba ni ba."

Hajiya tana dariya tana kuka. Ni ma na share hawayena da hannun riga, ba na jin kunyar faɗa.

Ban ce wasa ya warkar da shi ba. Kine ce ta ci gaba da aikinta, shi kuma daga ranar ya daina korar ta. Patron ya yi mini faɗan ƙin bin umarni na kwana biyu, daga baya na ji yana ba masu saye labarin kamar shawararsa ce.

Abin da na koya shi ne, dokar shago ta san faifai, ba ta san wanda ke zaune gaban tele ba. Mun ɗauka kowane baƙo lallashi yake so, don mu lallashi ne ke kawo mana ciniki. Akwai wanda aka yi ta lallashinsa har ya fara mutuwa a zaune, abin da yake nema kawai a samu wanda zai tsaya masa ya kayar da shi kamar kowa. In an tambaye ku daga wanne za a fara, kada ku yi saurin miƙa hannu kan faifai. Ku fara duban mutumin, ku gane abin da ya ishe shi.