Dalma a Haƙoran Maigidana

Ni ban yi makaranta ba, jikata ce ke rubuta abin da nake faɗa. Abin da ya tayar mini da maganar nan, kwanan baya ƙanenta ya kwance cikin kwamfutarsa a tsakar gida, yana zumuɗi wai an fito da sababbin allunan cikinta, shi da abokansa suna gardamar wanda ya fi. Na leƙa na ga koren allo mai zanen azurfa. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado ina kuka, yaran suka rasa laifin da suka yi mini. Ba su yi komai ba. Irin wannan allo ne ya raba ni da mijina.

Maigidana manomi ne kamar kowa a ƙauyenmu, can gefen Malumfashi ta hanyar Funtua. Auduga muke nomawa da masara da dawa. Amma tun yana saurayi ya koyi buɗe rediyo a wurin 'yan mishan, don haka da an kai amfani gida sai ya shimfiɗa buhu a zaure ya zauna gyara. Ba mu da lantarki. A kaskon gawayi yake gasa ƙarfen liƙi, ya narka dalma da shi ya manne abin da ya cire. Dalma ce ke riƙe komai a jikin allon rediyo, shi yana ce wa allon fanel.

A farkon aurenmu allunan masu launin ƙasa ne, masu faɗi, kayan jikinsu manya kamar ƙwayar gyaɗa. Yakan ajiye dalmar a kan buhu, ya ɗan taɓa ta da ƙarfe, shi ke nan. Aikin bai taɓa hana shi cin tuwo ba.

Yana da abokai biyu da ba sa rabuwa da zauren. Ɗaya malamin firamare ne, ɗan majami'armu, kowa Ticha yake ce masa. Ɗayan Alhaji ne mai shagon batir da kaset a kasuwar Malumfashi, shi ke zuwa Kano saro kaya. Ba gyara ke kawo su ba, son abin ne kawai. In ina daka ina jiyo su, wannan ya ce rediyon kaza ta fi kamo nesa, wancan ya ce ƙarya ne, murya ce da ita kamar akuya mai mura. Su suka sa wa maigidana suna Injiniya, har yara suka ɗauka.

Daga baya rediyo mai kaset ta cika gari, allunan kuma suka koma kore, suka ƙanƙance. Ranar da Alhaji ya fara kawo irinsu, sai da suka kira ni in gani, kamar an yi haihuwa. Ƙafafun kayan sun jeru kusa da juna kamar haƙoran matsefi. Ticha ya ce Turawa sun gama wayo, Alhaji ya ce ba Turawa ba ne, mutanen Japan ne, ya daina koya wa yara ƙarya. Maigidana yana ta juya allon a hasken ƙofa yana murmushi.

Wannan ƙanƙanta ita ta canja masa hannun aiki. Hannu ɗaya na riƙe da hantsaki, ɗaya na riƙe da ƙarfe, babu na ukun da zai riƙe dalma. Sai ya riƙa cije ta da haƙora, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa allon, hayaƙin na shiga masa. Haka yake yini. In ya cire ta ya jefa goro a bakin.

Da shekarun tsadar kaya suka zo, dalmar kanti ta yi wuya. Bai daina ba. Ya riƙa karɓo matattun batiran mota a tasha, ya fasa su a bayan gida, ya narka abin cikin a gwangwani a kan murhuna, ya ɗan haɗa da kuza, ya zuba a tsagar da ya ja a ƙasa, ta daskare siririya kamar tsinke. Abokansa suka yi ta yabonsa, wai ko a Kano ba a yi mai dabararsa ba. Ni ma a lokacin na ji daɗin yabon.

Ciwon ciki ya fara zuwa. Yakan dafe mara ya durƙusa a tsakar gida, bayan gida kuma ya ƙi. Na dafa masa saiwoyi, ba su yi ba. Ya fara cewa miyata tana ɗanɗanon ƙarfe, mutumin da bai taɓa kushe girkina ba. Faɗa ya shigo masa, abu kaɗan ya daka wa yara tsawa, in ya huce ya zauna kamar baƙo. Wata safiya ya ɗauki moɗa zai sha ruwa, ta suɓuce. Hannunsa na dama ya langaɓe daga wuyan hannu, ya ƙi ɗaguwa.

Surutu ya yi yawa a gari, masu cewa sammu ne, masu cewa shanyewar jiki. Fasto ne ya matsa muka tafi asibiti a Malumfashi. Likitan ya duba hannun, sannan ya ɗaga masa leɓe. Sai a ranar na lura da wani baƙin zare da ya bi dasashinsa. Ya tambaye shi sana'arsa, ya faɗa masa har da batiran. Likitan ya juyo wurina, ya yi mini magana da Hausa a hankali don kada in ce ban ji ba.

"Dalma ce ta taru a jininsa. In ya bar ta yanzu, zai iya tashi. In ya koma mata, ba hannu za ta ɗauka ba, shi za ta ɗauka."

Ya kwanta a can an yi masa allurai. Da muka dawo na tattara ƙarfen liƙi da hantsaki da kaskon na ɗaure a buhu na cusa a rumbu. Yana kallona bai hana ba.

Wannan daminar ita ce mafi daɗi da na yi a gidansa. Ciwon ciki ya lafa. Ya riƙa bin mu gona, yana cire ciyawa da hagu. Kafin a tsinke auduga yatsunsa na dama sun fara motsi, har yana iya riƙe cokali. Ranar godiya a majami'a na kai damin dawa ina hawaye, matan zumunta suka taya ni waƙa. Sai dai ina ganinsa in an kunna rediyo a maƙwabta tana shaƙewa, yakan karkata kai yana saurare, leɓensa na motsi.

Bayan kaka, wata Lahadi da muka taso daga sujada, muka tarar da babur ɗin Alhaji a ƙofar gida. Ya dawo daga Kano da kwali. Na kai musu ruwa na tsaya a bakin zaure. Alluna uku ne sababbi, na haɗa amfilifaya, wato injin ƙara murya, ƙarami da matsakaici da babba, kowanne da kayansa a ƙulle a leda, sai an liƙa. Kafin a jima zauren ya cika da maza, har da waɗanda ko rediyo ba su da ita. Ticha ya ce matsakaicin ya fi, babban cin batir ne da shi kamar gara. Alhaji ya ce talauci ne ke magana a bakinsa, babban in aka haɗa shi za a ji tarin liman daga nan har Danja. Wani ya ce ƙaramin na 'yan tallan magani ne, aka yi dariya. Suna miƙa wa juna allon da gefen yatsu kamar ƙwai.

Maigidana na zaune a gefe, hannunsa a cinya. Ba wanda ya ce masa ya yi, wannan gaskiya ce, ba zan ɗora musu ba. Ticha ne ya ce shi zai gwada, Injiniya ya nuna masa da baki. Aka aro ƙarfen mai gyaran bokiti, aka hura gawayi. Ticha ya ɗiga dalma ta haɗe ƙafafu biyu, ya sake, allon ya fara ƙauri. Alhaji ya ce a'a, Ticha, ba allon makaranta ba ne wannan da za ka goge da tsumma. Sai na ga maigidana ya muskuta.

Na ce, "Baban yara, ka tuna abin da likita ya ce."

Ya ce, "Na tuna. Guda ɗaya ne, kada ya lalata wa mutum kaya."

Alhaji ya ce, "Uwargida, ki bar mana shi yau kawai, gobe naki ne."

Suka yi dariya. A gaban maza cike da zaure, me zan ƙara? Na koma ciki na zauna kusa da murhu.

Hannun bai iya riƙe ƙarfe da kyau ba, sai ya yanko robar tayar keke ya ɗaure shi a wuyan hannunsa. Babban ya fara haɗawa, don dattawan majami'a sun ce suna so. Da injin ya yi magana, mutane suka taru har daga ƙauyen gaba, aka ɗaga maigidana sama kamar ango. Labari ya kai Funtua. Masallatai na so, makarantu na so, masu wa'azin kasuwa na so. Alhaji ya sake komawa Kano. Buhun da na cusa a rumbu ban san ranar da aka fito da shi ba, na dai ga gwangwani ya dawo kan murhu.

Na yi kuka, na yi fushi, na ƙi abinci. Na kai ƙara wurin Fasto, ya zo ya yi masa magana, maigidana ya ce to. Na je har shagon Alhaji na durƙusa a gaban mutane, ya ji kunya ya rantse ba zai sake kawowa ba. Sai maigidana ya aiki direba ya sayo masa. Wata rana da rana tsaka ina tankaɗe ya zo ya zauna kusa da ni, ya ce a gona shi rabin mutum ne, yara ma sun fi shi, amma in ya sunkuya kan allon nan babu kamarsa a ƙasar nan duka. Na ce to ni da yaran fa? Sai ya tashi ya koma zaure.

Ciwon ya dawo da ƙarfinsa kafin zafin bazara. Wannan karon har kai ya taɓa. Yana kiran yara da sunan juna, yana tambayata uwarsa da ta daɗe da rasuwa. Wata ranar kasuwa da hantsi na ji faɗuwa a zaure. Na same shi a ƙasa yana jijjiga, ƙarfen na ɗaure a hannunsa yana ƙona buhu, dalmar a tsakanin haƙoransa, ya datse ta har sai da aka sa cokali aka ɓamɓare. Muka ɗauke shi a motar auduga zuwa asibiti. Likitan nan ne dai. Ya dube ni, bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Maigidana bai sake gane ni ba har ya cika.

Ranar jana'iza mutane sun yi yawa, majami'a ba ta ɗauke su ba, aka fito da babban injin nan waje aka ɗaura lasifika a bishiyar ɗorawa. Da shi Fasto ya yi wa'azi. Ina zaune a tabarma cikin mata, sai na jiyo maza a bayana suna magana ƙasa-ƙasa. Ɗaya ya ce ji murya garau, ko ƙara babu. Ɗayan ya ce ai babban ne, shi ya sa, matsakaicin ba zai kai haka ba. Ticha na cikinsu, idonsa jawur don kuka, amma shi ma sai da ya ce a'a, ba girman ba ne, hannun da ya liƙa ne.

Ban juya ba. Ƙaramar 'yata na kan cinyata, tana wasa da bakin zanena, na toshe mata kunne ɗaya da tafin hannuna ban san dalili ba. Da aka tashi kai shi makwanci, mata biyu suka riƙe ni muka bi bayan akwatin.