Majil ɗin Shadliya

Duk wanda ya zauna a tsohon garin Mahdiyya ya san Shadliya 'yar Tahir masunci. In bai sha shayinta ba, to ya sha masifarta. Doguwar mace ce busasshiya, shekarunta sittin da uku, idanunta sun ƙanƙance saboda ɗinkin zaren zinariya a kan kayan amare. Rabin matan garin nan ita ta yi musu kayan aure. Ita kuwa aure ɗaya ta yi, wata goma sha ɗaya, jirgin mijin ya kife a teku, ta dawo gidan ubanta ba ta ƙara aure ba.

Abin taƙamarta a duniya shi ne majil, wato rijiyar da kakanta ya gina a tsakar gida. Ruwanta ba daga ƙasa yake ɓuɓɓugowa ba, na sama ne, yana gangarowa daga kan soro ta wani bututu da ke cikin bango. Ruwan famfonmu kuwa kowa ya san halinsa, gishiri-gishiri ne, wake sai ya wuni a wuta yana maka taurin kai. Duk da haka maƙwabta sun bi nasu majil sun toshe da siminti, wai wahala. Ita kaɗai ta rage a layin, kuma ba ta gajiya da gaya mana cewa mu malalata ne.

Aikin yana da ƙa'ida, kuma a hannun uwarta ta koya. Ƙarshen Satumba za ta share kan soro, ta shafe shi da farar ƙasa sau biyu. Daga nan ba a hawa da takalmi, ba a shanya, ko kyanwa ta gani sai ta bi ta da tsintsiya. A kusurwa akwai ramuka biyu, ɗaya na indararo mai zuba a lungu, ɗaya na bututun majil, toshiyar katako kuwa guda ɗaya ce. Ruwan farko na wanke soro ne, sai ta toshe majil ta bar shi ya tafi lungu. Bayan nan ta mayar da toshiyar bakin indararo, ta jira babban ruwan Oktoba. A wasu shekarun sau ɗaya tak yake zuwa, kuma shi za ta sha har baɗi.

Ana nan sai ƙaninta Munsif ya rasu, ɗansa Lutfi ya gaji benen gidan, ita tana ƙasa. Yaron a birnin Susa yake zaune, mai shafa mai a gashi, wayarsa ba ta barin kunne. Ya zo da masu fenti, ya sa murhun gas da firji, ya ɗauki hotuna ya watsa: gidan haya na masu hutu, ka yi cefanenka ka dafa abinka. Hoton farko kuwa na kan soro ne, ga teku shuɗiya a bayansa.

"Kai Lutfi, soron ubana ka sa a kasuwa?"

"Gwaggo, soron kakana ne ni ma. Mutane iska suke nema, me za su ɗauke miki?"

"Iska ta ƙare a bakin teku? Su je can su sha har cikinsu ya kumbura."

"Haba Gwaggo, duniya ta ci gaba. Ki sayi ruwan roba kamar kowa mana."

"Kai ka sha ruwan roba, shi ya sa kanka ya zama roba."

Ta sa kwaɗo a ƙofar soro, ya sa aka yanko masa mukulli. Ta canza kwaɗo, ya canza ƙofa. Shekara uku ke nan ana wannan, kuma ba za mu ce ba ta da gaskiya ba. Mun ga abin da ido bai so ba. Akwatuna masu taya suna gurzar duwatsun lungu tun asuba. Masu dawowa daga teku rabin jiki a waje, yashi har cikin zaure. Wannan ya sauko aron gishiri, wancan aron ludayi, wata ma ta ce ko za a koya mata turara kuskus, sai ka ce Shadliya kuku aka ɗauko mata. Amsarta ɗaya ce: babu.

Amma abin da ya rufe bakinta game da majil wani Bature ne. A shekarar farko ta yi kuskuren buɗe murfin a gabansa. Ya leƙa, ya yi ta kaɗa kai, ya ɗauki hoto, sannan ya laluba aljihu ya jefa kwabo a ciki, wai neman sa'a. Kwabon da ya bi hannun duniya, a ruwan shanta! Tun ranar ta shimfiɗa tabarma a kan murfin, ta ɗora tukunyar na'a-na'a, ta rantse ba baƙon da zai sake sanin akwai shi. Lutfi ma ba ya faɗa musu, don kada su ji tsoron hawa soro. A wannan abu ɗaya ne kawai bakinsu ya zo ɗaya.

Masu hutu yawanci sukan watse kafin lokacin farar ƙasa. Amma a bara, makon farko na Oktoba, sai ga wasu miji da mata daga Tunis, Anis da Sirin, ma'aikatan ofis da hutunsu ya makara. Shadliya ta riga ta shafe soro, ruwan farko ya zo ya wuce ranar Litinin, ta buɗe bututun majil. A ciki akwai sauran ruwan bara waccan, zai kai ƙirjin mutum. Babban ruwa kawai take jira.

Ranar Laraba da azahar tana ɗinki sai ta ji ƙaurin gasasshen kifi, kuma daga sama yake saukowa. Ta ajiye allura, ta hau matakala da gwiwarta mai ciwo, tana hawa tana tsaki. Abin da ta tarar ya wuce tsaki. Ga murhun gawayi a tsakiyar farin soro, mai yana ɗiga, kawunan kifin sadin a zube, toka ko'ina, ga sawun takalmi baƙi daga ƙofa har bango. Anis yana fifita wuta da kwali, Sirin tana yanka lemon tsami.

"Innalillahi! Wane ɗan iska ne ya buɗe muku nan?"

Sirin ta miƙe da murmushi. "Sannu Hajiya, bismillah, ga kifi."

"Ban je Makka ba, kada ki ɗora mini abin da ban yi ba. Nan kicin ne? Ba a ba ku murhu a ƙasa ba?"

Anis ya ce, "Mama, mai gidan ne ya ba mu mukulli. Ya ce soron yana cikin haya."

"Ni ban haife ka ba. Dubi nan! Dubi can! Haka kuke yi a gidajenku na Tunis, ku ci ku zubar a inda kuka zauna?"

Fuskar Sirin ta canza. "To ai sai a yi magana a hankali. Soro ne fa kawai."

Nan ne wurin da ya kamata Shadliya ta faɗi abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu. Maganar ta zo mata har baki. Sai ta dubi wannan 'yar birni mai jan farce, ta ce a ranta, wanda bai san majil ba a Mahdiyya ba ni ce makarantarsa ba. Abin da ta faɗa a fili shi ne, "Ƙazamai kawai. Allah ya raba mu da ƙazanta." Ta juya ta sauka.

Sama tas take, ko ɗigon girgije babu, don haka ba ta taɓa toshiyar ba. Niyyarta ta kankare wurin da safe ta sake shafawa. Ta yafa mayafi ta nufi shagon mai farar ƙasa a bayan Baƙar Ƙofa, wato babbar ƙofar gari. Sayayyar ba ta fi ta minti biyar ba, amma sai da ta yi awa biyu, don ta sami mai saurare, ta zauna ta wanke Lutfi tas, tun daga kansa har dangin uwarsa.

Da ta dawo, a kan matakala ta tarar da Sirin, ba takalmi, ta naɗe ƙafar wando, bokiti a hannu, gumi yana zuba. Kalmar ƙazama ce ta tsaya wa yarinyar a rai.

"Je ki duba soronki," in ji Sirin, tana ɗaga kai. "Garin sabulu na sa, da ruwan bilic mai cinye datti kwalba biyu, na goge shi da burushi. Bokiti goma sha biyu na zuba. Yanzu ki sake ce mini ƙazama."

Buhun farar ƙasa ya suɓuce daga hannun Shadliya. "Ruwan, ina ya bi?"

"Ramin nan na kusurwa mana. Ya shanye duka, ko ɗigo bai kwanta ba."

Shadliya ba ta san lokacin da ta ture tukunyar na'a-na'a ba. Ta janye tabarma, ta ɗaga murfi. Warin bilic da ƙarnin kifi suka doki fuskarta. Can ƙasa kumfa ce fari fat ta rufe ruwan, toka da mai suna yawo a kai. Ta zauna daɓas a ƙasa. Ihun da ta yi, mu da muke gida na huɗu mun ɗauka mutuwa aka yi.

Sirin ta leƙa, ta dafe baki. Anis ya sauko da gudu, ya ce zai je tashar jiragen ruwa ya ɗauko injin zuƙar ruwa, kafin magariba an kwashe.

"Injin da ya sha baƙin mai za ka zura mini a majil? Ku ɓace mini da gani. Ku hau benenku, kada in ƙara jin numfashinku."

Mu ma mun zo, ta kore mu. Wai mu da muka toshe namu ba mu da bakin magana. Ta kira Lutfi a waya, ya ce yana taro, in ma ta bi tasa gara a zuba wa abin siminti kowa ya huta. Ta kashe wayar. Ta hau ta mayar da toshiya bakin bututu, ta ɗauko guga, ta fara ja ita kaɗai.

Dole a kwashe ruwan kaf, a shiga a kankare bango, a ɗauraye, sannan a buɗe wa sabo hanya. Ta wuni Alhamis tana ja tana zubarwa a lungu, kumfa tana bin kwata. Juma'a tafin hannunta ya fashe, ta naɗe shi da tsumma ta ci gaba. Duk guga goma sai ta ɗaga kai ta dubi sama. Sau biyu Anis ya tsaya a bakin matakala ya ce, "Ko igiyar ce ki bar ni in ja." Ko kallonsa ba ta yi ba. Wallahi taurin kan matar nan har haushi yake ba mu, amma duk wanda ya ga yadda bayanta ya ranƙwafa sai ya tausaya mata.

Asabar da hantsi iska ta juyo daga gabas, teku ta yi baƙi. Ta zura sanda a majil, saura ruwa iya gwiwa. Ta ƙara sauri, gugan yana dukan bango. Ba ta ja ashirin ba aka kece da ruwa, irin wanda tsofaffi ke jira shekara guda.

Ta hau soro a cikin ruwan, ta durƙusa a kusurwa, ta kama toshiyar da hannu biyu. In ta cire, majil zai cika kafin la'asar, amma a kan bilic da man kifi zai cika, sai dai a yi wanki da shi. Ta daɗe a durƙushe, ruwa yana dukan bayanta, tana kuka kamar yarinya. Daga ƙarshe ta saki toshiyar a inda take.

Da ta sauko ta leƙa lungu, indararo yana ta aman ruwa garai-garai, yana bin duwatsu zuwa teku. A ƙarƙashinsa ga Sirin a jiƙe sharkaf, ta kwaso tukwanen kicin ɗin haya gaba ɗaya tana tarawa. Ta jera su a zaure, shida, har da ta shayi.

Shadliya ta dube su ta taɓe baki. "Wannan ne ruwan shekarar? Sannu da ƙoƙari."

Sirin ta share fuska da bayan hannu. Ta dubi Shadliya ido cikin ido.

"Ni ma na gaji. Kwana uku kina zagina, na yi shiru don kin haife ni. Amma ki ji tsoron Allah. Kin hau soron nan, kin ce mana 'yan iska, kin ce mana ƙazamai, kin zagi garinmu. Duk wannan kin sami bakin faɗa. Ki ce ruwan sha yana bi ta nan, shi ne ya gagare ki? Da ko takalmi ba zan hau da shi ba."

Ta haye bene, ta buga ƙofa. Washegari suka ja akwatinsu suka tafi ba sallama.

Har yau Shadliya ba ta yarda a yi zancen a gabanta. Ta ja tukwanen ɗaya bayan ɗaya zuwa ɗakinta, ta juye a tulu, ta rufe da ƙyalle. Majil ta gama kwashe shi ranar Talata, ta kankare, ta shafe soro, ta buɗe bututu, ta zauna jira. Ba a sake ruwan kirki ba sai watan Maris. Na tulun kuwa, duk da tana auna shi da ƙaramin kofi, kwana tara ya yi mata.