Garin Maganin Fara a Ɗakin Jego

Shekarar da fara ta sauka a gonakinmu na Durum ina cikin jego. Haihuwata ta biyu ce, ta farin ta koma tun kafin suna, don haka ko atishawa yaron ya yi sai gabana ya faɗi.

Nasara bai tafi ba tukuna. Ma'aikatan gona suka kawo wani farin gari mai wari, aka ce a cuɗa shi da dusa a watsa a gona, abin da ya rage a mayar musu, ba a yarda kowa ya kai gida ba. To, wa zai mayar da abin da ke kashe kuɗin cizo? Maigidana ya ƙunso nasa a tsumma. Da tumakin wani gida suka lasa suka mutu, sai kumandan Nasara ya ba da izini a shiga gida-gida, a duba rumbu da tukwane, wanda aka kama da shi sai kaso.

Ranar da masu binciken suka iso unguwarmu da hantsi, uwar mijina ta faɗo ɗakina da ƙunshin a hannu. Tsohuwa ce mai dabara, dabararta kuwa ba ta taɓa tsayawa shawara da kowa ba. Ta ɗaga tabarmar gadona ta cusa shi.

"Kwanta a kai, 'yar nan," in ji ta. "Ko ɗan wane ne shi, namiji ba ya shiga ɗakin mai jego."

Gadon na ƙasa ne, da garwashi a ƙarƙashinsa don gasa jiki. Ban daɗe da kwanciya ba zafi ya kama garin. Warin ya tashi, ya cika ɗakin da ba shi da taga, idona ya fara ruwa. Ina jin wani ma'aikacin gona da gardinsa, wato dogarin da ke raka shi, a tsakar gida suna buɗe randa, suna kife kwando, maigidana yana ta rantsuwa da murya wadda ban san shi da ita ba. Tsoro ya hana ni motsi. Na san yadda mutane ke dawowa daga kason Damagaram, wasu ma ba sa dawowa.

Sai yaron ya saki nono. Bai yi kuka ba, ya yi wani ɗan tari, ya yi shiru, ƙirjinsa na hawa da sauka kamar na ɗan tsako. Na kira tsohuwa a hankali. Ta leƙo ta labule ta ce, "Yi haƙuri, yanzu za su tafi." Ba su da niyyar tafiya, gardin ma hawa rumbu ya yi.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na rungumi yaron na fito fili, ba ɗankwali, ba takalmi, a gaban baƙin maza. Iska ta bugi yaron, ya ja numfashi, ya tsala kuka, ni ma na fashe da nawa.

Ma'aikacin ya kawar da kai daga gare ni, amma hancinsa ya riga ya ji. Ɗakin kuma babu mai jego a ciki, babu abin da zai hana shi shiga. Ya fito da ƙunshin a kan sanda, tsumman ya fara ƙonewa. Gardi ya ɗaure maigidana da igiyar akuyarmu. Da za su fita zaure maigidana ya waiwayo, ba ni ya kalla ba, yaron ya kalla.

Tsohuwa ta zauna dirshan a ƙasa ta ce, "Kin ba da ɗana."

Ban taɓa mayar mata da magana ba tun da aka kawo ni gidan. Ranar kuwa na ce, "Inna, ni ma nawa na riƙe."