Haƙarƙarin Jitar Baba Bulus

Har gobe ban manta da wata Juma'a a shagon Oga Danladi ba, nan Suleja, inda muke gyaran jita da haɗa sabbi.

Ga wanda bai san aikin ba: a cikin jita, ƙarƙashin fuskarta, akwai siraran katakai da ake mannawa da gam. Sai mun yanka su da zarto, mu fere, mu goge da samfefa. In sun yi kauri jita ta shaƙe, in sun yi siranta fuskar ta lotsa. A shago "haƙarƙari" muke ce musu. Oga ba ya yarda da katako sai ya ƙwanƙwasa shi a kunne ya ji amonsa.

Baba Bulus, mai kiɗan wani coci a Madalla, ya kawo tsohuwar jitarsa da haƙarƙarinta suka karairaye, ya bar mana ita ya tafi. Washegari Asabar zai aurar da autarsa, kuma ya yi mata alkawari shi zai kaɗa mata da hannunsa. Katakonmu ya ƙare, sai Oga ya buga masa waya.

"Baba, in za ka taho ka biya kasuwa ka sayo katakon haƙarƙari. Busasshe, marar nauyi."

Layin yana yankewa, Baba bai ji "katakon" ba. Bayan an sauko daga masallaci sai ga shi da ƙunshi yana ɗigar mai. Haƙarƙarin rago ne, gasasshe, har da yaji!

"Na sa mai nama ya busar da shi sosai," in ji shi. "Na ɗauka tukuici kake so."

Oga ya buɗe ƙunshin. Ya zaro ƙashi ɗaya, ya ƙwanƙwasa a kunne, ya ce, "Wannan bai bushe ba."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Amma da Baba ya gane, sai idonsa ya ciko, ya ce, "To me zan gaya wa yarinyar nan?" Wallahi tausayi ya kama ni.

Oga ya bi shago yana ƙwanƙwasa komai, benci, ƙofa, har kaina bai bari ba. Tagar shagon ta katako ce ta yi amo. Muka ɓalle ta, muka tsaga, muka fere, muka manna, muna aiki muna cin nama. Da safe gam ya kama, Baba ya kaɗa wa autarsa, amarya tana rawa tana kuka.

Abin da na koya shi ne, kalmar shago a shago take tsayawa. In za ka aiki mutum, ka damƙa masa samfur a hannu. Damina guda muka yi ruwa yana feso mana ta gurbin tagar nan, Oga bai taɓa cewa ya yi nadama ba.