Kwakwar Da Ta Fasa Jirgin Baijnath Mistri

Kafin masu shayin bakin tasha su hura wuta, Baijnath Mistri ya riga ya jingine kekensa a jikin zauren Ƙungiyar Masu Ƙananan Jiragen Ƙasa na Wasa da ke unguwarmu ta ma'aikatan jirgin ƙasa a Jamalpur. Zai tuɓe takalmi, ya taɓa dokin ƙofa ya shafa goshi, sannan ya ɗauki ɗan tsumma ya bi layin dogon nan siriri kamar tsinken tsintsiya yana gogewa, daga tasha zuwa gada, daga gada zuwa ramin dutse. Ni ce shaida, don tun gashina yana baƙi nake share zauren. Sunana Fulmani. Ban yi makaranta ba, maƙwabciyata ce ke rubuta abin da nake faɗa, kuma na ce mata kada ta sassauta min ko kalma ɗaya.

Teburin nan da ya cika zauren, duk abin da ke kansa hannun Mistri ne. 'Yan ƙungiyar tsofaffin manya ne, nasu su sayo jirgi a kwali daga ƙasar waje, su zo ran Lahadi su danna maɓalli su tafa wa kansu. Shi ya gina duwatsun da takarda da danƙo, ya yi bishiyoyi da soso, ya jera shanu a bakin layi, har da mai gasa litti, curin fulawar nan na bakin tasha, da murhunsa, duka bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Nandu wanzami yana nan ranar da aka kawo wani tsohon direba da ya makance. Mistri ya tsayar da jiragen duka, ya kama hannun mutumin ya bi da shi jikin kan jirgi a hankali, har tsohon ya ce, "Wannan ai irin nawa ne," ya fashe da kuka. Shekarar da rufin ya yi yoyo, a kansa ya kwashe tashar nan guntu-guntu zuwa gidansa cikin ruwa, ba wanda ya sa shi.

Da aka kawo sababbin kawunan jirgi masu haɗa dizal da batir, sai ya zama kullum yana jikin shingen tasha yana kallonsu. Ya ce min, "Bauji," wato matar yaya, haka yake kirana, don ya ɗauki marigayi mijina Ramasre direban jirgi kamar yayansa, "kin ga wancan? A cikin tasha shiru yake tafiya kamar mage, sai ya fita gari yake ruri. Sai na yi shi."

Na ce, "Ka yi mana, tsoho da wasan yara. Matarka ma ta gaji da kai."

Damina biyu yana yankan tagulla. Ya gama shi bai fi tafin hannu da rabi ba, kore shar, yana barin tasha shiru, sai ya haye gada ya yi gurnani ya saki ɗan hayaƙi. A kujerar direba ya zaunar da ɗan mutum mai jan ƙyalle a wuya. Ban tambaye shi ko wane ne ba. Ramasre bai taɓa hawa jirgi ba jan ƙyalle ba.

Aka sa fito da shi ranar bikin sa wa injuna albarka. Kowa ya san yadda ake yi wa sabon abin hawa: a fasa kwakwa a gabansa, ya taka lemon tsami. Ni ma ba na wasa da wannan. Amma shekara da shekaru a kan dutsen ƙofar zaure Mistri ke fasa ta, a kan layi kuwa ɗan ɓawon lemo yake ajiyewa kamar farce. Bana muna da sabon shugaba, Chaubey Sahib, ya zo da masu ɗaukar hoto.

Mistri ya haɗa hannu ya ce, "Sahib, dutsen yana waje."

"Waje? Jirgi a ciki, kwakwa a waje, hoton me za a ɗauka? A kawo dutsen nan!"

Suka ɗora dutse a kan teburin, daf da gada. Wayyo ni! Chaubey Sahib ya ɗauki kwakwar da kansa ya buga, ba ta fashe ba. Ya ƙara, aka soma dariya. Ya ji kunya, ya ɗaga ta sama da kansa ya maka da ƙarfinsa duka. Ta zame. Ƙarar da na ji har yau tana kunnena. Gadar ta rufta, jirgin ya lotse kamar gwangwanin da mota ta taka, ruwan kwakwa ya bi layi, wuta ta yi tartsatsi, zauren ya cika da ƙauri. Ba wanda ya motsa. Mistri ya tsaya da faranti a hannu, bakinsa a buɗe, ɓawon lemon yana kan farantin.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce tsautsayi ne. Bayan kwana kaɗan 'yan ƙungiyar suka zauna suka ce tsofaffin wayoyin Mistri ne suka kama wuta, sakacinsa ne. Suka karɓe makullinsa, saura ƙiris ya ajiye aiki. Ku ji fa! A unguwar nan ko mai buɗe ƙofar tsallaka layi, ranar da ya ajiye aiki sai an rataya masa fure, an yafa masa mayafi, an raka shi gida da ganga. Matarsa Sushila ta riga ta shafe gaban gida da farar ƙasa. Shi kaɗai ya turo kekensa gida da tsakar rana, maƙwabta na leƙe ta taga suna cewa me ya yi.

Na tare Chaubey Sahib a ƙofar motarsa. Ya ce, "Ke mai shara, me kika sani?"

Na ce, "Na san abin da na share. Ɓawon kwakwa na share. Hannun wa ya jefa ta?"

Ya ce in kula da aikina. Na ce ga tsintsiyar, ya kula da ita da kansa.

Mistri-ji, kai ne ka ƙera wa garin nan kansa a kan teburi, yaranmu suka zo suka nuna gidajensu da yatsa. Kai ne ka dawo min da mijina kujerarsa ba tare da ka ce uffan ba. Mai haƙurin da ke ba ni haushi! An ɗora maka laifin wani, ka sunkuyar da kai ka ce, "Babba ne, Bauji, a bar shi." Ni ba zan bar shi ba. Zauren cike yake ranar, kowa da idonsa biyu. Ku da kuka gani kuka yi shiru, ku fito ku faɗi wanda ya fasa jirgin, a mayar wa mutumin nan sunansa, a raka shi gida yadda ake raka kowa.

Jiya na je gidansa. Na same shi a baranda da tabarau a kan hanci, ya shimfiɗa sabuwar tagulla yana zana kan jirgi. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Bauji, Nandu ya ce kin tsinci direbana a cikin shara."

Na kwance bakin zanena na nuna masa. Ko ƙwarzane babu, jan ƙyallensa na nan. Ya miƙo hannu, na mayar na ƙulle.

Mun gode, Mistri-ji, ni da duk wanda ya taɓa durƙusawa a bakin teburin nan don ya ga jirgi ya fito daga rami. Matasa masu aikin hannu, ku je barandar nan ku zauna, ku ga yadda ake sake farawa. Amma direban nan yana yajin aiki. Ba zai hau jirginka ba sai ranar da na ji ganga a ƙofar gidanka.